Likita ya ƙware, amma wa ya koya masa koyarwa?

Da misalin ƙarfe takwas na safe, a kowane asibitin koyarwa na ƙasar nan, daga Gwagwalada zuwa Shika, daga Ibadan zuwa Maiduguri, akwai wani ayari da ke ratsa ɗakunan kwantar da marasa lafiya. Babban likita ne a gaba, likitoci masu neman ƙwarewa na biye da shi, sai masu sanin makamar aiki, can baya kuma ɗalibai sanye da fararen riguna, kowa riƙe da ɗan littafinsa. Ayarin kan tsaya a bakin gado, ɗalibi ya karanto bayanin majinyaci, babban likita ya jefa tambaya, a yi tsit, ya amsa wa kansa, a wuce gado na gaba. Kafin azahar an duba kowa, an rubuta magani, an sallami masu tafiya gida. Abin da ɗaliban suka ƙaru da shi kuwa, babu wanda ya tsaya ya auna.

A cikin wannan zagaye na safe ake ƙera likitan da zai duba ma'aikacin gwamnati da iyalinsa nan da shekara goma. Mutumin da ke gaban ayarin, musamman idan sabon ɗauka ne, ya kwashe shekaru yana koyon yadda ake gane cuta da yadda ake magance ta, amma da wuya a ce wani ya taɓa tsayawa a gefe ya kalli yadda yake koyarwa, sannan ya zauna da shi suka tattauna abin da ya gani. Wannan giɓi ne makarantun likitanci a ƙasashe da dama suke cikewa da wata hanya mai sauƙin kuɗi: malami ya horar da malami ɗan'uwansa, abokin aiki ya zame wa abokin aiki madubi.

Ɗalibai na ƙaruwa, malamai na raguwa

Abin da ya sa batun ya zama na gaggawa a Najeriya a bayyane yake. A watan Maris na 2024 Ministan Lafiya, Farfesa Muhammad Ali Pate, ya ce ƙasar ta rasa likitoci tsakanin 15,000 zuwa 16,000 cikin shekara biyar, waɗanda suka tafi neman aiki a ƙasashen waje, kuma waɗanda suka rage ba su wuce kimanin 55,000 ba. Najeriya na cikin ƙasashe 55 da Hukumar Lafiya ta Duniya ta lissafa a 2023 a matsayin masu fama da ƙarancin ma'aikatan lafiya mai tsanani. A watan Agusta na 2024 Shugaba Bola Tinubu ya amince da manufar ƙasa kan ƙaurar ma'aikatan lafiya.

Ɗaya daga cikin matakan da gwamnati ta ɗauka shi ne buɗe ƙofa. An ɗaga adadin ɗaliban da makarantun likitanci da na jinya da sauran fannonin lafiya za su iya ɗauka daga 28,000 zuwa 64,000 a shekara. An kafa jami'o'in tarayya na kimiyyar lafiya a garuruwa irin su Otukpo da Azare da Ila-Orangun, jihohi da masu zaman kansu su ma suna ta buɗe nasu kwalejojin. A 2025 kuma aka sanar da ware naira biliyan 110 ta asusun TETFund domin gyara makarantun likitanci a jami'o'i 18.

Gini da kayan aiki kuɗi ke samar da su, kuma ana iya kammala su cikin shekara ɗaya ko biyu. Malami ba haka yake ba. Waɗanda suke barin ƙasar nan akasarinsu matasa ne da masu matsakaicin shekaru, wato tsarar da ta kamata ta gaji manyan farfesoshi. Sakamakon haka, likitan da ya kammala ƙwarewarsa bana kan tsinci kansa baɗi yana riƙe da aji mai ɗalibai ninki biyu na wanda shi ya zauna a ciki, ga asibiti cike da majinyata, ga kuma ƙarancin dattawan da zai leƙa ofishinsu ya nemi shawara.

Yadda likita ke zama malami

Hanyar tana da tsawo. Shekara shida a jami'a, shekara ɗaya ta sanin makamar aiki, shekara ɗaya ta yi wa ƙasa hidima, sannan shekara biyar ko shida ko fiye na neman ƙwarewa a ƙarƙashin Kwalejin Ƙwararrun Likitoci ta Ƙasa da aka kafa a 1979, ko kwalejojin Afirka ta Yamma na likitoci da na masu tiyata. Idan ya ci jarrabawar ƙarshe, jami'a kan ɗauke shi malami, asibitin koyarwa kuma ya naɗa shi babban likita. A cikin waɗannan shekaru goma sha uku ko sha huɗu, lokacin da aka ware don koyon dabarar koyarwa kaɗan ne ƙwarai.

Mai karatu ya kwatanta wannan da malamin firamare. Doka ta nemi ya mallaki aƙalla takardar NCE, ya yi gwajin koyarwa a aji malaminsa na zaune a baya yana dubawa, ya kuma yi rajista da hukumar malamai ta TRCN. Wanda zai koya wa ɗalibi yadda ake huda ƙirjin mutum a fitar da ruwa kuwa, an ɗauka sanin aikin ya wadatar.

Wannan zato tsoho ne, kuma ba a Najeriya ya fara ba. Tun zamanin William Osler, wanda ya shahara da fitar da ɗalibai daga ɗakin lacca zuwa bakin gadon majinyaci a asibitin Johns Hopkins na Amurka a ƙarshen ƙarni na 19, aikin likita ya ginu ne a kan gado daga hannu zuwa hannu: ka ga an yi, ka yi da kanka, ka koya wa na bayanka. Makarantar likitanci ta Ibadan, wadda ta fara a 1948, da ta Zariya da ta biyo baya a 1967, sun gaji wannan tsari, kuma ya fitar da likitocin da duniya ke rububi a yau. Illarsa ita ce mutum kan koyar kamar yadda aka koyar da shi, da kyan abin da muninsa. Wanda ya tashi a hannun malami mai haƙuri ya yi sa'a. Wanda ya tashi a hannun mai tsawa da disgi a gaban majinyata, sau da yawa shi ma da tsawar zai fara, domin ita ya sani a matsayin koyarwa.

Inda taron bita ya tsaya

Duk ma'aikacin tarayya ya san maganin da aka saba bayarwa idan an ga ƙarancin ƙwarewa: a shirya taron bita. A kama ɗakin taro a otal, a gayyato masana, a yi kwana uku, a raba takardar shaida da alawus, a ɗauki hoto, kowa ya koma bakin aikinsa. Ranar Litinin kuma a ci gaba da yin abin da aka saba.

Masu binciken ilimi biyu a Amurka, Bruce Joyce da Beverly Showers, sun bibiyi wannan matsala tun farkon shekarun 1980. Abin da suka gano shi ne, idan aka yi wa malamai bayanin sabuwar dabara, aka nuna musu, har ma suka gwada ta a ɗakin taro, kaɗan ne daga cikinsu ke amfani da ita idan sun koma aji. Amma idan aka haɗa su da abokan aiki da za su riƙa shirya darasi tare, suna kallon juna a aji na tsawon lokaci, mafi yawansu kan riƙe dabarar har ta zame musu jiki. Dalilin ba boyayye ba ne. Duk sabuwar dabara a farkon amfani da ita takan sa mutum ya ji kamar ya koma baya, kuma wanda yake shi kaɗai, da ya yi tuntuɓe sau biyu sai ya koma wa tsohuwar hanyarsa.

A fannin likitanci ma an kai ga irin wannan matsaya. Farfesa Yvonne Steinert ta Jami'ar McGill da ke Kanada da abokan aikinta sun tattara binciken da aka yi kan horar da malaman likitanci, suka wallafa sakamako a 2006, suka sabunta shi a 2016. Daga cikin abubuwan da suka ga suna tare da shirye-shiryen da suka yi tasiri akwai koyo ta hanyar aikatawa, da samun bayani kan yadda mutum ya yi, da dangantaka tsakanin abokan aiki, da kuma shimfiɗa horon a kan watanni maimakon dunƙule shi a kwana biyu. Taron bita na da amfaninsa, domin a can ake jin sabon abu. Sai dai aikin na gaske yana farawa ne bayan an watse.

Zama uku

Tsarin horon abokin aiki ba shi da wuyar fahimta. Malamai biyu masu kusancin matsayi kan amince su riƙa kallon koyarwar juna, kuma kowane zagaye yana da zama uku.

Zama na farko gajere ne, kafin darasi. Wanda za a kalla shi ne mai zaɓen abin da za a duba, domin mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Yana iya cewa: ina jin kamar ɗalibai uku ne kawai ke amsa mini tambaya, duba mini ko haka ne. Ko ya ce: zagayena kan wuce lokaci, duba mini inda lokacin ke tafiya.

Zama na biyu shi ne kallon kansa, ko a ɗakin lacca, ko a bakin gado, ko a ɗakin ganin likita, ko a ɗakin tiyata. Mai kallo ba ya sa baki, ba ya gyara magani, ba ya ba da maki. Aikinsa rubuta abin da ya faru: tambaya nawa aka yi, wa aka yi wa, wa ya amsa, minti nawa malami ya yi yana magana, ina ɗalibai suka tsaya, an gaida majinyaci kuma an nemi izininsa kafin a yaye masa mayafi ko ba a nema ba.

Zama na uku, wanda ya fi kowanne nauyi, ana yin sa ne a keɓe, a ranar ko washegari. An saba bin ƙa'idar da David Pendleton da abokan aikinsa suka shimfiɗa a Ingila a 1984: wanda aka kalla shi ke fara magana, ya faɗi abin da yake ganin ya yi daidai, sannan mai kallo ya ƙara nasa, daga nan a koma kan abin da za a iya sauyawa, nan ma mai darasin ke farawa. A ƙarshe a tsayar da abu ɗaya ko biyu da za a gwada kafin haɗuwa ta gaba, sannan a yi musanya, mai kallo ya koma wanda ake kallo.

Mu ƙaddara likitar yara ce ta kalli zagayen abokin aikinta likitan ciki. Ba za ta ce masa ba ka ba ɗalibai dama ba, domin wannan hukunci ne, kuma hukunci gardama yake jawowa. Abin da za ta ce shi ne: Dakta, na ƙirga tambaya goma sha huɗu a gado biyar na farko, goma sha ɗaya kai ka amsa su da kanka kafin kowa ya buɗe baki, sauran ukun kuma ɗalibin da ke kusa da kai ne ya amsa. Da wuya mutum ya yi musu da lissafi irin wannan, kuma sau da yawa shi da kansa zai gano maganin.

Wannan misali yana da tushe a bincike. Mary Budd Rowe, wata mai nazarin koyar da kimiyya a Amurka, ta nuna a farkon shekarun 1970 cewa malamai kan jira kimanin daƙiƙa ɗaya kacal bayan sun yi tambaya. Idan suka koyi jira na daƙiƙa uku ko fiye, amsoshi kan yi tsawo, masu amsawa kan ƙaru, har da waɗanda aka ɗauka ba su san komai ba. Malami ba ya iya jin gajartar jiransa, domin a wurinsa daƙiƙa ɗaya ta shiru tana da tsawo. Sai na gefe mai riƙe da agogo ke iya gaya masa.

Wanda ya taso a tsangaya ba zai ga baƙon abu a nan ba. Gardawa kan zauna musaffa, wannan ya karanta wancan ya saurara, idan an yi tuntuɓe a gyara, layi ya zagayo kan mai gyaran shi ma a saurare shi. Ba wanda ke ɗaukar gyaran a matsayin raini, domin kowa ya san bakinsa zai zo.

Dabarun da ake gwadawa

Abokan horo ba sa farawa daga babu. Akwai dabaru sanannu da suka dace da asibiti mai cunkoso irin namu, waɗanda ake iya koya cikin awa ɗaya amma ba sa zama jiki sai da maimaici a gaban mai lura.

Ɗaya ita ce matakai biyar da Jon Neher da abokan aikinsa suka wallafa a 1992, waɗanda aka fi sani da koyarwar minti ɗaya. Idan ɗalibi ya gama gabatar da majinyaci, malami ya fara da sa shi ya tsayar da magana: me kake ganin yana damun wannan mutum? Sannan ya nemi hujja: me ya kai ka ga wannan? Sai ya koyar da ƙa'ida guda ɗaya da za ta yi amfani a kan wasu majinyata, ya ambaci takamaiman abin da ɗalibin ya yi daidai, ya rufe da gyara kuskure. Sabon malami kan tsallake matakai biyun farko ya faɗa lacca, domin yana ɗokin nuna abin da ya sani. Abokin da ke gefe shi zai lura da tsallaken.

Wata ita ce matakai huɗu na Rodney Peyton, likitan tiyata, na koyar da aikin hannu kamar sa allurar ƙarin ruwa ko ɗinke rauni. Malami ya yi aikin shiru da saurinsa na yau da kullum. Ya sake yi a hankali yana bayani. Ya sake yi ɗalibi na gaya masa mataki bayan mataki. Sannan ɗalibin ya yi da hannunsa. Mataki na uku ne aka fi mantawa, alhali shi ke nuna ko ɗalibin ya fahimta kafin ya taɓa jikin mutum.

Akwai kuma abin da ya shafi yanayinmu. Karatun likita da Turanci ake yi, amma a asibitocin koyarwa da dama majinyaci da Hausa ko Yarbanci ko Ibo ko Kanuri zai yi bayani. Ya malami ke tafiyar da wannan? Yana barin ɗalibin da ke jin harshen ya zama tafinta kullum, har ya rasa nasa koyon? Yana tattauna cutar mutum a kansa da Turanci na minti goma, a wuce ba tare da an gaya masa komai da harshen da yake ji ba? Ɗalibai na kallo, kuma abin da suka ga malaminsu ya yi wa tsohuwar da ke kwance shi za su yi wa wata tsohuwar idan sun fita. Littafin da aka rubuta a Landan ba zai nuna wa malami wannan ba. Abokin aikinsa da ya tsaya a bayansa zai iya.

Wanzami ba ya son jarfa

Babban cikas ba kuɗi ba ne, girman kai ne da tsoro. Aikin likita aiki ne na matakai, na ƙasa ba ya gyara wa na sama, kuma wanda aka naɗa babban likita yana jin cewa kwanakin da ake duba aikinsa sun wuce. Shigowar wani da takarda da biro cikin zagayensa na iya zame masa kamar tuhuma, musamman a gaban yaransa.

Labarin Atul Gawande, fitaccen likitan tiyata na birnin Boston, ya taimaka wajen sassauta wannan tunani a ƙasashe da dama. A wata maƙala da ya wallafa a mujallar The New Yorker a 2011, ya bayyana yadda ya lura cewa bayan shekaru yana tiyata ƙwarewarsa ta daina ƙaruwa, sai ya gayyaci tsohon malaminsa da ya yi ritaya, Robert Osteen, ya zauna a ɗakin tiyata ya kalle shi. Gawande ya ɗauka aikin ya tafi sumul, amma dattijon ya fito da takarda cike da ƙananan abubuwa, har da yadda yake ɗaga gwiwar hannunsa da yadda fitila ta kauce daga inda ake yanka. Hujjarsa ita ce manyan 'yan wasa da mawaƙa ba sa rabuwa da mai horarwa komai shahararsu, don haka babu dalilin da zai sa likita ya rabu da shi.

Tsoron kuwa yana da tushe, kuma ma'aikacin gwamnati ya fi kowa saninsa. Duk wanda ya taɓa cike fom ɗin APER, ko ya shiga sabon tsarin auna ƙwazo da ake maye gurbinsa da shi, ya san cewa abin da aka rubuta game da mutum yana iya bin sa har gaban kwamitin ƙarin girma. Idan malami ya yi zargin cewa takardar abokinsa za ta isa teburin shugaban sashe, zai shirya darasi na musamman domin ranar kallo, ya ɓoye duk inda yake da rauni, aikin ya zama wasan kwaikwayo. Saboda haka ƙa'ida ta farko a duk inda tsarin ya yi nasara ita ce sirri: takardar mallakar wanda aka kalla ce, hukuma ba ta samun komai sai shaidar cewa an yi zaman. Joyce da Showers da kansu sun lura da saurin da abokan aiki ke zamewa daga taimako zuwa hukunci, har a 1996 suka ba da shawarar a ɗauki mai koyarwa a matsayin mai horarwa, mai kallo kuma a matsayin wanda ya zo koyo. Ko ba a bi su har can ba, darasin ya fito: mai kallo ma yana ƙaruwa, wani lokaci fiye da wanda yake kallo.

Wata dabara mai rage fargaba ita ce haɗa mutane daga sassa daban. Likitan ido ba zai tsaya gardama da likitan mata kan maganin da ya rubuta ba, don haka hankalinsa zai tafi kan koyarwar kaɗai. Ba sa takarar kujera ɗaya, ba kuma ɗayansu ne zai sa hannu a takardar ɗayan ba.

Inda tsarin ke da rauni

Adalci ne a faɗi iyakarsa. Sabbin malamai biyu da ba su san abin da za su duba ba suna iya ƙarfafa wa juna kuskure. Aminai biyu suna iya mayar da zaman wurin yabon juna, a sha shayi a tashi. Saboda haka kowace kwaleji na buƙatar 'yan mutane da suka sami horo mai zurfi a ilimin koyar da likitanci, waɗanda za su koya wa sauran yadda ake kallo da yadda ake magana bayan kallo.

Irin waɗannan mutane suna nan. Daga 2010 zuwa 2015 gwamnatin Amurka ta ɗauki nauyin shirin MEPI da kimanin dala miliyan 130 domin ƙarfafa makarantun likitanci 13 a ƙasashe 12 na Afirka. A Najeriya Jami'ar Ibadan ce ta jagoranci haɗakar da ta ƙunshi jami'o'in Jos da Nsukka da Maiduguri da Legas da Ahmadu Bello. Akwai kuma cibiyar SAFRI da gidauniyar FAIMER ta taimaka aka kafa a Afirka ta Kudu a 2008, wadda ke horar da malaman fannin lafiya daga sassan nahiyar. Abin da ya rage shi ne a nemo waɗanda suka ci moriyar irin waɗannan shirye-shirye kuma har yanzu suna gida, a ba su aikin yi kafin su yi ritaya ko su bi sahun masu tafiya.

Sai batun lokaci. Zama uku na iya cin awa ɗaya da rabi: kwata kafin darasi, minti 45 na kallo, rabin awa na tattaunawa. Idan kowane ɗaya daga cikin biyun aka kalle shi sau uku a zango, jimla awa tara ke nan. Ga likitan da ke kwana a bakin aiki kuma yake ganin majinyata da dama a yini, awa tara ba wasa ba ce. Idan ba a rubuta ta cikin jadawalin aiki ba, ita ce farkon abin da za a yar.

Abin da ke hannun Abuja

A nan ne batun ya dawo teburin masu tsara manufofi da mataimakansu. Malamin likitanci bawan iyayengiji biyu ne: jami'a tana ƙarƙashin Ma'aikatar Ilimi, asibitin koyarwa yana ƙarƙashin Ma'aikatar Lafiya. Takaddamar da ƙungiyar manyan likitoci ta MDCAN ta daɗe tana yi kan tsarin albashin CONMESS da CONUASS, da kan matsayin takardar ƙwarewa idan aka kwatanta ta da digirin digirgir, duk daga wannan rabuwa ta samo asali. Ingancin koyarwa kan faɗa tsakanin ma'aikatun biyu, kowace na zaton ɗayar ce ke dubawa.

Akwai matakan da ba sa buƙatar sabuwar doka. Hukumar MDCN mai kula da aikin likita da Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa, NUC, dukansu suna kai ziyarar tantance kwalejoji, suna ƙirga malamai da gadaje da kayan aiki. Suna iya ƙara tambaya guda: wane tsari kuke da shi na horar da sabon malami a shekararsa ta farko, kuma mutum nawa suka bi ta cikinsa? MDCN na neman kowane likita ya tara makin ƙarin ilimi kafin ya sabunta lasisinsa na shekara. Tana iya amincewa da zaman horon abokin aiki a matsayin hanyar samun makin. TETFund, wanda ya saba ɗaukar nauyin malamai zuwa taruka a ƙasashen waje, yana iya ware ɗan kaso don horar da masu horarwa a cikin gida, domin kuɗin tafiyar mutum ɗaya zuwa Turai zai horar da sashe guda. Majalisun jami'o'i kuma suna iya duba ma'aunin ƙarin girma, wanda ya fi karkata ga yawan maƙalun da aka wallafa. Muddin koyarwa ba ta da nauyi a wannan ma'auni, matashin malami mai hankali zai kai lokacinsa inda ake ƙirgawa.

Sabon manhajin CCMAS da NUC ta ƙaddamar a watan Disamba na 2022 ya ƙara wa batun nauyi, domin ya fi mai da hankali kan abin da ɗalibi zai iya aikatawa. Manhaja a takarda take. Wanda zai mayar da ita aiki shi ne mutumin nan da ke tsaye a bakin gado da ƙarfe takwas na safe.

Nan da 'yan shekaru ɗaliban da aka ninka adadinsu za su fito, a tura su asibitocin tarayya da na jihohi da cibiyoyin lafiya na ƙauyuka. Waɗansunsu su ne za su karɓi mai naƙuda da tsakar dare a inda babu babban likita ko ɗaya. Abin da za su yi a wannan dare ya dogara ne, a wani ɓangare, kan ko malaminsu ya taɓa jira daƙiƙa uku ya bar su su yi tunani da kansu, ko kuwa ya amsa wa kansa ya wuce gado na gaba. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba, kuma kujera ɗaya a bayan aji, da abokin aiki zaune a kanta da takarda da biro, ba ta cikin abubuwan da kasafin kuɗi zai gagara ɗauka.